Takardar shiga shafin intanet mataki-mataki: tsarinta da matsalar haruffa

0. Gabatarwa

Takardar shiga ita ce wurin da mutum yake bayyana ko shi wane ne kafin shafin intanet ya buɗe masa asusunsa. A da, fuska guda ce ke tambayar suna da kalmar sirri. A 2015 kamfanin Google ya raba su fuska biyu, kuma shafuka da dama suna bin wannan tsari. A cikin wannan ƴar maƙala za mu ɗauki takardar a matsayin zance tsakanin mutum da na'ura, mu duba abin da ya kamata mai gina ta ya kiyaye.

1. Matakan

Galibi matakai uku ne:

(1) adireshin imel;
(2) kalmar sirri;
(3) lambar wucin gadi.

Amfanin raba (1) da (2) shi ne, da zarar na'ura ta ga adireshi, sai ta zaɓi hanya: malami a tura shi ƙofar jami'arsa, wani kuma a nemi kalmar sirrinsa nan take. Game da (3), tsarin TOTP na 2011 yakan ba da lamba mai alƙaluma 6 a wayar salula, wadda ke canjawa kowane sakan 30. Wajibi ne babbar na'urar da ke riƙe da shafin ta ajiye shaidar matakin da aka wuce. In aka bar shaidar a hannun na'urar mai shiga, ɓarawo yana iya tsallake (2).

2. Amsar na'ura

Mu kwatanta waɗannan jimloli:

(4) a. Babu wannan adireshin.
  b. Adireshi ko kalmar sirri ba daidai ba ne.

Jimla (4a) ta faɗi fiye da abin da ya kamata, domin mai gwada adiresoshi zai gane daga gare ta wane ne ke da asusu, wane ne ba shi da. Raba matakai yana ƙara wannan haɗari. Saboda haka ya fi kyau a wuce da mutum zuwa (2) ko da ba a san adireshinsa ba, a amsa masa da (4b), a kuma ƙayyade yawan gwaji.

3. Haruffa

Ba a ajiye kalmar sirri yadda take. Ana niƙa ta da lissafi irin su bcrypt na 1999 ko Argon2 na 2015, a ajiye sakamakon. Bambancin harafi guda yana canja shi baki ɗaya. Nan ne abin ya shafi mai nazarin harshe.

Na farko, a tsarin Unicode ana rubuta à ta hanya biyu: lamba guda, U+00E0, ko kuwa a haɗe da alamar karin sauti, U+0300. Ido ba ya bambanta su, amma na'ura tana bambantawa. Dole ne a daidaita rubutun zuwa siga guda, misali NFC, lokacin rajista da lokacin shiga.

Na biyu, ɓ, ɗ, ƙ da ƴ kowane lamba guda gare shi, amma babu su a kan allon rubutu na AZERTY. Wanda ya sa baƙi a kalmar sirrinsa, ya je wata na'ura ya rubuta baki, ba zai shiga ba. Mayar da ƙ zuwa k a ɓoye ba magani ba ne, domin yana rage ƙarfin kalmar. Gara a karɓi haruffan yadda suke, a gargaɗi mutum tun lokacin rajista, a kuma sa maɓallin da zai nuna masa abin da ya rubuta.

4. Kammalawa

A taƙaice, kowane mataki ya yi tambaya guda, kada amsarsa ta tona asiri, kuma a gwada takardar da haruffan Hausa kafin a sake ta.