Jimmy Carter: Sojan Ruwa, Malamin Coci, Abokin Gaban Kurkunu

Jimmy Carter ya rasu ranar 29 ga Disamba, 2024, yana da shekara 100, a gidan da ya gina tun 1961 a Plains, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Jojiya ta Amurka. Jaridu sun yi ta maimaita shekaru huɗun da ya yi yana mulki daga 1977 zuwa 1981: sulhun Masar da Isra'ila a Camp David, da Amurkawan da aka yi garkuwa da su kwana 444 a Iran, da kayen da ya sha a hannun Ronald Reagan. Ni kuwa a ganina mulkin ne mafi ƙanƙantar abin da ya bari.

Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a 1943, ya shiga makarantar hafsoshin ruwa ta Annapolis, ya fito a 1946 bayan an daina harbi. Ya yi aiki a jiragen yaƙi masu nutsewa ƙarƙashin teku. A ƙarshen 1952 injin nukiliya ya lalace a Chalk River ta Kanada, aka tura shi da 'yan tawagarsa su taimaka a kwance shi. Saboda tsananin gubar da ke wurin, daƙiƙa 90 kacal ake bai wa kowa ya shiga ya fito. Shekara ta kewayo mahaifinsa ya rasu, sai ya ajiye kaki ya koma gida noman gyaɗa, duk da cewa matarsa Rosalynn ba ta so komawa ƙauye ba.

A can ne aka fara gwada imaninsa. Zamanin wariyar launin fata ne, fararen garin sun kafa ƙungiyar hana baƙaƙe 'yanci, suka matsa masa ya shiga. Ya ƙi, wasu suka janye cinikinsu daga rumbunsa. Da cocinsu na Baftis ya kaɗa ƙuri'ar hana baƙar fata shiga ibada, shi da iyalinsa na cikin 'yan tsirarun da suka ce ba su yarda ba. Ba ƙaramin abu ba ne mutum ya saɓa wa maƙwabtan da zai gaisa da su gobe da safe.

Bayan ya sauka daga mulki ya shafe shekaru kusan 40 yana koyar da Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi a cocin Maranatha. Da hannunsa ya sassaƙa gicciyen cocin da akusan da ake karɓar baiko, yana kuma shiga jerin masu yanke ciyawar harabar. A shekarar 2000 ya raba gari da babbar ƙungiyar Baftis ta kudancin Amurka saboda matsayinta na hana mata limanci, amma bai bar cocinsa ba. Shi da Rosalynn sun yi aure ranar 7 ga Yuli, 1946, suka haifi 'ya'ya huɗu, suka zauna tare shekara 77. Al'adarsu ce su karanta Littafi tare kowane dare, kuma ba sa kwanciya da fushin juna.

Inda labarinsa ya shigo gidajenmu shi ne kurkunu. Yaran yanzu ba su san wannan ciwo ba, kuma ina murna da hakan. Mu da muka tashi muna shan ruwan kududdufi mun ga yadda yake. Mutum ya sha ruwa, sai bayan kamar shekara guda ƙafa ta kumbura ta yi ƙuna, farar tsutsa mai tsawon kusan mita ɗaya ta leƙo. Ba ta da magani, ba ta da rigakafi. Sai dai a riƙa naɗe ta a ɗan tsinke kaɗan-kaɗan har makonni, kuma galibi da damina take kwantar da magidanci, gona na jiran noma.

A 1986 cibiyar Carter ta ɗaura ɗamarar yaƙi da cutar, lokacin ana ƙiyasin mutum miliyan 3.5 ke kamuwa a shekara. Makamin ba wani abin a zo a gani ba ne: ƙyallen tace ruwa, da rijiyar burtsatse, da roƙon mai ciwo kada ya tsoma ƙafarsa inda jama'a ke ɗiba, domin a nan tsutsar ke zuba ƙananan 'ya'yanta. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu cutar, sama da 650,000 a ƙidayar ƙarshen shekarun 1980. Carter, wanda ya taɓa kawo ziyarar aiki Legas a 1978 zamanin Janar Obasanjo, ya sami abokin tafiya a Janar Yakubu Gowon, wanda ya bi ƙauyuka yana zama da hakimai da dagatai. An ga mai cutar na ƙarshe a Najeriya a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa Najeriya da Nijar sun rabu da ita.

A 2015, yana bayyana wa 'yan jarida cewa ciwon daji ya kai masa ƙwaƙwalwa, ya ce burinsa kurkunun ƙarshe ya riga shi mutuwa. Bai cika ba, amma saura ƙiris: a 2023 mutum 14 aka samu a duk duniya, 9 daga cikinsu a Chadi, inda cutar ke shiga karnuka ta hanyar kifi, abin da ke wahalar da ma'aikatan lafiyar ƙasar har yanzu.