Yadda Ake Haɗa Ma'aunin Iska Domin Akwatin Kifi

Tsiron da ke cikin akwatin gilashi na kifi ba ya girma sai ya sami haske da kabon dayoksaid, watau iskar da muke fitarwa sa'ad da muke numfashi. Saboda haka masu kiwon kifi sukan ƙara ta, ko dai daga tukunyar gas, ko kuwa daga kwalabar da aka zuba sukari da yis da ruwa, a ja siririn tiyo zuwa cikin akwati. Amma abincin tsiro yana iya zama ajalin kifi, gama in iskar nan ta yi yawa sai numfashi ya gagare shi. Ido kuwa ba ya ganinta. To, ga dabarar da za ta bayyana mana ita.

Da fari a haɗa ruwan awo. A narkar da giram 1.2 na bekin soda cikin lita 1 ta tataccen ruwa na ɗakin kimiyya. A ɗebi kashi 1 na wannan a gauraya da kashi 9 na tataccen ruwa. Kada a yi amfani da ruwan rijiya ko na akwatin kifin, domin abubuwan da suka narke a ciki za su ɓata awo. Sa'an nan a ɗiga maganin da ake kira buromotaimol har ruwan ya zama shuɗi.

A sami 'yar kwalabar magani mai haske, a zuba ruwan awon zuwa rabinta. A huda murfin, a sa tiyo mai faɗi, a lanƙwasa shi bakinsa ya dubi ƙasa, a liƙe mahaɗin sosai. A kafa ta a tsaye cikin ruwa, nesa da inda kumfar gas ke fitowa. Iskar da ta maƙale cikin tiyon ita ce katanga tsakanin ruwan biyu.

Ga yadda abin ke aiki. Kabon dayoksaid yakan tashi daga ruwan kifi ya shiga iskar tiyo, daga nan ya narke cikin ruwan awo ya sa shi tsami kaɗan. Maganin kuwa launinsa yakan sāke bisa ga tsami. Shuɗi, iska ta yi kaɗan. Kore, ta kai wajen miligiram 30 cikin kowace lita, abin da yawancin masu kiwo ke nema ke nan. Rawaya, ta wuce kima, sai a rage nan da nan.

Amma a lura da abu biyu. Launin ba ya sākewa sai bayan awa 1 ko 2, watau labarin ɗazu yake bayarwa. In an ga kifaye sun taru a sama suna haki, kada a jira kwalaba. A tsai da gas, a motsa ruwan. Na biyu, da dare tsiro ba ya shan iskar nan, fitar da ita ma yake yi, saboda haka lalle a cire tiyon gas in an kashe fitila. Ruwan awo kuma a sabunta shi wata-wata.

'Yan'uwana ɗalibai, ku gwada shi lokacin koyon koyarwa. Yara su rubuta launin safe da na la'asar har mako guda, su da kansu za su gane aikin haske ga tsiro.