Daga Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a jirgin sama?

Tazarar da ke tsakanin Kano da birnin Jidda na ƙasar Saudiyya, idan aka auna ta miƙe ta sama, ta kai kimanin kilomita 3,400.

Manyan jiragen da ke jigilar alhazai kan yi gudun kilomita 850 ko fiye a cikin awa guda. Idan aka haɗa da lokacin hawa sama da na sauka, tafiyar kan ɗauki tsakanin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Iska ma tana da tata rawar: idan tana tura jirgi daga baya sai lokacin ya ragu, idan kuma ta tare shi ta gaba sai ya ƙaru.

Hanya mafi kusa dai ita ce ta sararin samaniyar Chadi da Sudan, sannan a tsallake tekun Bahar Maliya. Kusan ita ce hanyar da alhazan dauri suka bi a ƙasa da raƙuma da jakuna, ta Darfur zuwa gaɓar teku a Suwakin. Su kam watanni suke yi, wasu shekaru, wasu kuma a Sudan suka yi zamansu, jikokinsu na can har yau.

Sai dai jirgi ba kullum yake samun miƙaƙƙiyar hanya ba. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jiragen alhazan Nijeriya suka riƙa yin zagaye. Tafiyar ta ƙaru da kusan awa biyu, man da ake ƙonawa ya ƙaru, har kamfanonin jigila suka nemi Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wato NAHCON, ta yi musu ƙarin kuɗi a kan kowane maniyyaci.

Abin da ya fi rikita sabon matafiyi kuwa shi ne agogo. Saudiyya na gaba da Nijeriya da Nijar da awa biyu. Jirgin da ya bar filin Malam Aminu Kano da ƙarfe 10 na dare, ya yi awa huɗu da rabi a sama, zai sauka Jidda da ƙarfe 4 da rabi na asuba agogon can, alhali agogon hannun maniyyaci na nuna 2 da rabi. Wanda bai gyara agogonsa ba yana iya ɗauka dare ne tsaka, sallar Asuba ta kuɓuce masa.

Akwai kuma batun harami. Maniyyacin da zai zarce Makka daga Jidda, tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 a mota ba, jirginsa kan zo daidai da miƙati tun yana sama. Shi ya sa malamai da dama ke ba da shawarar a yi wanka a ɗaura harami tun kafin a hau, a kuma saurari sanarwar ma'aikatan jirgin domin yin niyya. Wanda aka fara kai shi Madina, zai jira ne har ya isa Zul-Hulaifa.