Faɗaɗa Babur Mai Ƙafa Huɗu: Wace Hanya Ta Fi?

Kunkuru ba ya saurin kifewa, domin nauyinsa yana ƙasa-ƙasa, ƙafafunsa kuma a ware suke. Babur mai ƙafa huɗu, irin wanda manoman Ostareliya ke hawa, ya saɓa wa wannan tsari: nauyinsa yana sama, faɗinsa kaɗan ne. Shi ya sa yakan kife a gangare, ya danne mahayi. A 2021 ƙasar ta wajabta sanya ƙarfen kariya a sababbin baburan aikin gona.

Hanyoyi biyu ake bi wajen ƙara masa faɗi. Ta farko ita ce cusa faifan ƙarfe tsakanin taya da mazauninta. Tana da araha, amma tana nesanta taya daga boris. Kamar yadda doguwar sifana ke ƙara ƙarfin murɗa noti, haka wannan tazara ke ƙara wa boris nauyi, ya cinye da wuri, kan babur kuma ya riƙa fizgar hannu a gargada.

Ta biyu ita ce sauya hannuwan da ke riƙe da taya da dogaye. A nan boris yakan matsa waje tare da tayarsa, tazararsu ba ta canzawa. Sai dai dole a tsawaita sandunan sitiyari da tiyon birki, kuɗi ya ƙaru. Ga mai yawan bin gargada, wannan ta fi aminci.