Talidomaid: Maganin Laulayin da Har Yanzu Ake Biyan Ɓarnarsa

Talidomaid magani ne da kamfanin Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fito da shi kasuwa a 1957 da sunan Contergan. An tallata shi a matsayin maganin barci marar illa, har ana sayensa ba tare da takardar likita ba. Masu juna biyu suka rungume shi don yana sauƙaƙa laulayi.

Kafin a janye shi a ƙarshen 1961, an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa a ƙasashe da dama. Wasu ba hannu, wasu tafin hannun a manne da kafaɗa, wasu ba kunne, da yawa kuma ba su rayu ba. Amurka ta tsira daga mafi munin abin saboda wata jami'a, Frances Kelsey, ta ƙi amincewa a sayar da shi.

Diyya ta zo da jan ƙafa. Jamus ta kafa gidauniya a 1972 da kuɗin kamfanin da na gwamnati. Da kuɗin suka ƙare, baitulmali ya ci gaba da biyan fansho. A Birtaniya sai a 2010 gwamnati ta nuna nadama a majalisa, ta ware fam miliyan 20, ta ƙara miliyan 80 a 2012, sannan a 2021 ta yi alkawarin tallafi na tsawon rai. Ostireliya kuwa sai a Nuwamban 2023 Firaminista Anthony Albanese ya nemi gafara.

Dalilin ƙaruwar kuɗin a fili yake. Waɗanda suka rayu sun haura sittin. Wanda ya shekara hamsin yana cin abinci da ƙafa, yana ɗaukar kaya da haƙori, gaɓoɓinsa sun tsufa kafin lokaci. Yana bukatar mai jinya, da gida da motar da aka gyara daidai da jikinsa. Masu lissafin diyyar farko ba su hango wannan ba.

Maganin bai ɓace ba. Ana amfani da shi a wasu matsalolin kuturta da wani nau'in sankarar ɓargo, bisa sharaɗin gwajin ciki da hana ɗaukarsa. A Barazil an sake haihuwar irin waɗannan jarirai. Ɓarnar tana aukuwa ne tsakanin kwana 20 zuwa 36 da shigar ciki, lokacin da mace ba lallai ta san tana ɗauke da shi ba, kuma ƙwaya ɗaya ta isa. Shi ya sa likitoci ke hana mai ciki, da mai tsammaninsa, sayen magani a kemis ko shan na wani ba da izininsu ba.