Kariya Da Masu Ajiye Busasshen Fure

Duk mai ratsa Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni da rani zai ga kariya a ƙofar wasu gidaje, ta kakkaɓe ganye, sai jan fure a kan rassa masu kauri. A birni don ado ake shuka ta, amma asalinta 'yar dutse ce da fako, inda ruwa ba ya kwanciya.

Masana itatuwa sun daɗe da saninta. A 1763 wani Bature mutumin Suwidin, wai shi Forsskal, ya same ta a ƙasar Yaman. A can cikin duwatsu ajali ya riske shi a shekarar, amma ganyayen da ya busar suna nan ajiye a Danmak har yau. A nan Arewa kuwa Likita Dalziel ne ya yi irin wannan aiki, yana tsinka yana tambayar mutane suna, har ya buga littafin sunayen itatuwa na Hausa a 1916.

Ga yadda ake yi. A yanko reshe mai ganye da fure, a shimfiɗa tsakanin takardun jarida, a danne da katako da dutse. Kullum a sake takarda har ya bushe. Kariya dai tana da taurin rai, don jikinta ruwa ne, sai an tsaga reshen biyu tukuna. Sa'an nan a manna shi a farar takarda, a rubuta wuri da rana da sunan da mutanen wurin ke kiransa. In babu wannan rubutu, aikin banza ne, an tara yayi kawai.

To, ina ruwan manomi? Kariya dafi ce. Maharba na wasu ƙasashe da ruwanta suke shafe kibiya, dabba kuwa in ta ci tana iya mutuwa. Ga kuma tinya, ita ma 'yar dutse mai kaurin reshe, wadda nononta ke ɓata ido. In duk sun zubar da ganye, fure ne ke raba gardama.

Saboda haka wanda akuyarsa ta ci wani tsiro ta faɗi, kada ya je wa malamin dabbobi da baki kawai. Ya tafi da reshen, da furensa in akwai. In abin ya gagara, akwai ɗakin ajiyar busassun tsirrai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, inda za a gwada shi da na ajiye. A wanke hannu da sabulu bayan an yanka.