Kafin ki bari a yanke miki dasashi

Wani sabon salo ya shigo tallace-tallacen gyaran jiki a TikTok da Instagram. Sai a nuna budurwa tana murmushi dasashi a waje, can kuma a sake nuno ta haƙora sun ƙara tsawo, sun jeru reras, a rubuta wai babu jini, babu zafi, haske ne kawai. Har an fara lissafa abin cikin shirin biki, a layi ɗaya da dilka da lalle. Wannan sakaci ya ishe ni.

Aikin kansa ba shi da wuyar bayani. Likitan haƙori zai yi allurar kashe zafi, ya sa na'urar lesa ya rage naman da ya rufe saman haƙori, ko ya daidaita inda ya karkace. Lesar tana yanka tana toshe ƙananan jijiyoyin jini a lokaci guda, shi ya sa jini ba ya zuba sosai, galibi ma ba a ɗinki. A hannun gwani, ga wanda ya dace da shi, aiki ne mai kyau. Amma tiyata ce.

Inda gizo ke saƙar shi ne maganar nan da ake yi, wai in bai yi kyau ba ai zai sake tofowa. Wa ya faɗa muku? Dasashi ba gashin gira ba ne. Tsakanin bakinsa da ƙashin da ke riƙe da haƙori akwai tazarar kusan milimita 3. Tun 1961 wani mai bincike, Gargiulo, da abokan aikinsa suka auna, suka nuna cewa kusan milimita 2 daga ciki nama ne da ya manne da haƙori yana tare ƙwayoyin cuta. Idan ƙashin yana kusa, aka yanke naman kawai ba a taɓa ƙashin ba, jiki zai yi ta ƙoƙarin maido da tazararsa. Ko dai naman ya koma inda yake cikin 'yan watanni, kuɗi sun tafi a banza, ko ya zauna jawur a kumbure yana zubar da jini. Idan kuwa dasashin siriri ne aka zarce wajen yanka, sai ya ja da baya, saiwar haƙori ta fito fili. Saiwa ba ta da farin rufin nan mai tauri da ke kare haƙori, don haka ruwan sanyi ma sai ya zama azaba, ruɓewa kuma ta samu ƙofa. Gyaran wannan sai an yanko nama, yawanci daga ganɗa, an dasa. Wato naman yakan dawo inda ba a son sa, ya ƙi dawowa inda ake neman sa, kuma ba mai biyan kuɗi ke zaɓa ba.

Abin takaici, da yawa masu son a yanke musu ba yawan nama ne tushen matsalarsu ba. Wata leɓenta ne ke ɗagawa sosai, wani ƙashin muƙamuƙinsa na sama ne dogo, wani kuma magani ne ya kumbura masa dasashi: amlodipine da nifedipine na hawan jini, phenytoin na farfaɗiya, cyclosporine na masu dashen ƙoda. Baƙin dasashi kuwa, da wasu ke biya a kankare musu da lesa, launin halitta ne a wurin baƙar fata, kuma sau da yawa yakan dawo.

Wanda duk ya nace sai ya yi, to ya je wurin likitan haƙori mai rajista. A Najeriya hukumar MDCN ce ke ba su lasisi, kuma ba rashin kunya ba ne ka nemi ganin shaidar. Shagon gyaran jiki ba asibiti ba ne, ko da na'urarsu ta kai nawa. Likitan kirki zai ɗauki hoton ƙashi, ya auna zurfin dasashi haƙori bayan haƙori, ya wanke dattin da ya daskare, ya jira kumburi ya saɓe kafin ya taɓa komai. Wanda ya ce ka kwanta a yi yanzu-yanzu, tashi ka kama gabanka. Faɗa wa likitanka in kana da ciwon suga, ko kana shan maganin tsinka jini irin warfarin ko asfirin, kada kuma ka dakatar da maganin hawan jini da kanka. Mai juna biyu ta haƙura sai ta sauka. Amarya, kada ki yi ana saura mako guda biki: saman raunin yakan warke cikin mako 1 zuwa 2, amma bakin dasashi ba ya tsayawa wuri ɗaya sai bayan makonni, in an taɓa ƙashi har watanni. Masu tafiya Turkiyya ko Dubai su yi shi a kwana 3 su juyo, ku fara sanin wa zai duba ku a gida.

Bayan aiki a ci abinci mai laushi, kunu ko koko da ya huce. A kauce wa yaji da goro da taba, a ɗaga wa wurin ƙafa daga asuwaki, a riƙa kurkure baki a hankali da ruwan gishiri mai ɗumi. Jinin da ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi, ko mugunya, a koma asibiti a ranar.